Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Da Ke Riƙe Da Tsofaffin Makarantun Da Aka Rufe

Zuwa ga shugabannin hukumomin ilimi, da kansiloli, da duk kwamitin da makullin wata tsohuwar makaranta ke cikin durowarsa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ranku ya daɗe, na rubuto ne a kan ginin nan da kuka daina lissafi da shi. Ina nufin makarantar da aka kwashe ɗalibanta zuwa sabon gini, ko aka haɗe ta da wata saboda yara sun ragu, aka sa mata kwaɗo aka ce za a duba lamarinta daga baya. Da wuya a sami hukumar da ba ta da irinta. A takarda tana cikin jerin kadarori, a kasafin kuɗi kuwa ko layi ɗaya ba ta da shi. Roƙona guda ne: kafin ku sayar, kafin ku rushe, kafin ma ku bari ta ƙara shekara a kulle, ku kira mutanen wurin ku ba su damar karɓar ginin su yi amfani da shi, bisa yarjejeniya a rubuce.

Na san amsar da ke saurin zuwa baki. Za a ce ginin na gwamnati ne, gwamnati kuma ba ta rabon kadara. Kafin a rufe magana a nan, a buɗe fayil a ga wa ya ba da fili, wa ya tara kuɗin bulo, wa ya ɗora rufi. A ƙasashe da dama, in aka bi diddigin tsohuwar makarantar ƙauye ko ta unguwa, sai a tarar gumin mutanen wurin yana cikin bangonta tun daga tushe.

A jihohin kudu na ƙasar Amurka an ajiye wannan lissafi dalla-dalla. A 1912, Booker T. Washington, shugaban kwalejin Tuskegee da ke jihar Alabama, ya shawo kan Julius Rosenwald, attajiri shugaban babban kamfanin sayar da kayayyaki na Sears, ya yarda a gina ƙananan makarantu shida da kuɗinsa don 'ya'yan baƙar fata na karkara. A lokacin doka ta raba makarantun farare da na baƙaƙe, kuma na baƙaƙen sau da yawa a coci ake yin su ko a wata bukka. Daga shidan nan shirin ya yi ta bunƙasa. Zuwa 1932 da aka rufe shi, an gina makarantu 4,977 a jihohi 15, da gidajen malamai 217, da ɗakunan koyon sana'a 163. Sunan Rosenwald ne ya bi makarantun har yau, amma ku dubi yadda kuɗin ya kasu. Cikin dala miliyan 28 da ɗoriya da aka kashe, asusunsa ya ba da kimanin miliyan 4.3. Baƙar fatar da kansu, manoma da 'yan ƙodago waɗanda da yawansu ko gonar kansu ba su da ita, sun tara kimanin miliyan 4.7, wato sun zarce attajirin. Kaso mafi tsoka daga baitulmalin hukuma ya fito, wanda su ma suna zuba haraji a cikinsa. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo katako, ko ya ba da kwanakin aiki, mai fili ya yanko daga gonarsa. Sharaɗin shirin kuma shi ne a damƙa fili da gini ga hukumar ilimi ta yankin.

To, bayan kotun ƙolin Amurka ta haramta wariya a makarantu a 1954, aka shiga haɗe makarantu, sai gine-ginen nan suka yi ta komawa kango. Wasu aka sayar, wasu suka zama rumbun ciyawa, da yawa suka ruɓe a tsaye. Takarda ta ce na hukuma ne, wannan ba musu. Amma 'ya'ya da jikokin waɗanda suka ɗauki katakon a ka, sau da yawa ba wanda ya nemi jin ta bakinsu. A 2002 babbar ƙungiyar kare gine-ginen tarihi ta Amurka ta sa makarantun cikin jerin wuraren da suka fi fuskantar ɓacewa, kuma ƙiyasin da ake yi shi ne kusan ɗaya cikin goma ne kawai suka rage.

A birnin Kiyoto na Japan labarin ya fi wannan tsufa. A 1869, shekara uku kafin gwamnatin ƙasar ta fitar da tsarin ilimi na bai-ɗaya, unguwannin birnin suka buɗe makarantun firamare 64. Duk gidan da ake hura wuta a murhunsa yana biyan wani kaso, ko yana da ɗa a makarantar ko ba shi da shi. Ginin kuma bai tsaya ga karatu ba. Nan ne zauren taron unguwa, nan 'yan sintiri ke zama, a samansa akwai hasumiyar hango gobara, kuma daga nan ake buga ganga a sanar da lokaci.

A Ingila har doka ta san da haƙƙin mai bayarwa. Dokar filayen makarantu ta 1841 ta ba mai ƙasa damar ba da fili har eka guda don karantar da 'ya'yan talakawa, da sharaɗin cewa ranar da aka daina karatu a wurin filin ya koma inda ya fito. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, da rufe makarantun ƙauyuka ya yawaita, sai aka shiga cigiyar magada waɗanda wasu ba a san inda suka watsu ba, har sai da aka yi wata dokar a 1987 don warware ƙullin. Ba ina cewa ku kwaikwayi wannan ba, ta jawo shari'u ba kaɗan ba. Abin da nake so ku lura da shi, masu dokar sun ɗauki filin makaranta a matsayin amana da aka bayar don wata manufa. In manufar ta ƙare, mai riƙon amana ba ya yanke hukunci shi kaɗai.

Sai maganar kulle. Jami'in da ya kulle makaranta yana ganin ya adana ta, amma duk magini ya san ba haka abin yake ba. Idan kwano ɗaya ya ɗaga alhali akwai mutane a ciki, ran nan za a ga ɗigo a kan benci, a kira kafinta, ƙusa uku sun kashe magana. Idan babu kowa, ruwan zai jiƙa katakon rufi damina guda, silin ya rufto a ta biyu, ɗanshi ya sauko bango, gara ta sami hanya. Indararo ya toshe da ganye, ruwa ya riƙa kwanciya a gindin gini yana cin tushe. Tagogi a rufe, iska ba ta ratsawa, abin da ya jiƙe ba ya bushewa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: da an ga gilashi ɗaya a fashe wata da watanni ba a gyara ba, masu ɓalle waya da ƙofofi da kwano sun gane ba mai zuwa. Bayan 'yan shekaru a turo injiniya ya duba, ya rubuta cewa ginin ya zama haɗari, kuma gaskiya ya faɗa. Sai a rushe, a ɗora wa tsufa laifi. Ni a ganina an yanke shawarar rushewar tun ranar da aka kulle, sai dai shawara ce da ba wanda ya sa mata hannu, don haka ba wanda za a tuhuma.

Abin takaicin shi ne, da wuya a sami ginin da ya dace da hidimar jama'a kamar tsohuwar makaranta. An kafa ta inda ƙafar yaro za ta iya kaiwa, don haka tana kusa da kowa. Ɗakunanta manya ne, ba ginshiƙi a tsakiya, ga fili, ga makewayi. Ba ta wani gida ba ce, ba ta wata jam'iyya ba ce, mutanen da ba sa shiga zauren juna duk sun taɓa zama a bencinta. Masu zana taswirar makarantun Rosenwald da gangan suka yi nasu haka: abin da ya raba aji biyu katako ne mai turuwa, in za a yi taro sai a kawar da shi, azuzuwan su zama zaure guda. Suka jera manyan tagogi suna fuskantar gabas ko yamma saboda babu lantarki, suka kuma tsara hasken ya faɗo ta hagun ɗalibi, kada inuwar hannunsa ta rufe abin da yake rubutawa. Ɗaya daga cikin makarantun nan, makarantar Scrabble da ke jihar Bajiniya, an gina ta a 1921, aka rufe a 1968, ta yi shekara arba'in tana lalacewa. Tsofaffin ɗalibanta da mutanen yankin suka tsaya a kanta, a 2009 aka sake buɗe ta a matsayin cibiyar tsofaffi, tare da wani ɓangare da ke ba da tarihin makarantar.

Da gangan na kawo wannan misali, don akwai ramin da mu masu son tarihi ke yawan faɗawa. Da an ce a ceci tsohuwar makaranta, sai tunani ya tafi ga gidan tarihi: a jera benci, a rataye ƙararrawa, a rubuta kwanan wata a allo, a kulle sai baƙo ya zo. A 1919 Amurka tana da makarantu masu aji ɗaya kimanin 190,000. Zuwa farkon wannan ƙarni waɗanda ake karatu a cikinsu ba su kai 400 ba. In aka ce ko kaɗan daga cikin sauran su zama gidan tarihi, daga ina masu ziyara za su fito? Gidan tarihin da ake buɗewa sau ɗaya a wata, rufinsa zai yi yoyo kwana ashirin da tara ba wanda ya gani. Inda abin ya ɗore, akwai dalili. A gabashin Landan akwai makarantar 'ya'yan marasa galihu da Dokta Barnardo ya buɗe a 1877 cikin wasu ɗakunan ajiyar kaya na bakin ruwa, aka rufe ta a 1908. Da aka tashi rushe ginin, mutanen unguwa suka hana, a 1990 aka buɗe shi gidan tarihi. Abin da ke raya shi, makarantu suna kawo ɗalibai aji-aji su zauna a yi musu darasi irin na zamanin Sarauniya Biktoriya. Amma wannan Landan ce, dubban makarantu na kewaye da ita. Ƙaramin ƙauye ba shi da wannan gata. Abin da yake da shi buƙatu ne na yau da gobe: ajin yaƙi da jahilci da yamma, wurin renon yara da safe, ma'aikaciyar lafiya da ke neman ɗakin yin rigakafi, ƙungiyar manoma da ke taro a gindin bishiya, masu koyon ɗinki, rumfar zaɓe, wurin fakewa ranar ambaliya. Waɗannan su ke sa a buɗe ƙofa kullum. Tarihi a ba shi bango ɗaya ko ɗaki ɗaya, mai zuwa rigakafi ya karanta yana jiran layi.

Japan na cikin ƙasashen da wannan matsala ta fi kamawa, saboda haihuwa ta ragu kuma matasa sun koma birane. Ana rufe makarantun gwamnati kimanin 450 duk shekara. Ma'aikatar iliminsu ta ƙirga 8,580 da aka rufe tsakanin 2002 da 2020, kuma cikin waɗanda gininsu ke tsaye, kusan kashi uku cikin huɗu ana amfani da su. Ba sihiri suka yi ba. Tun 2010 ma'aikatar take wallafa jerin makarantun da aka rufe waɗanda ke neman mai amfani, da girmansu da inda suke, duk mai shawara ya kawo. A garin Muroto na bakin teku, wata firamare da aka rufe ta koma gidan kallon halittun ruwa a 2018. Masunta na kawo abin da ya faɗa komarsu, kunkurun teku na iyo a tafkin da yara suka koyi ninkaya. Wa zai zauna a ofis ya ƙirƙiro wannan? Sai wanda ya san garin. A Kiyoto kuma, biyu daga cikin makarantun nan na 1869 sun sami sabon aiki: ta Meirin ta zama cibiyar fasaha a 2000, ta Tatsuike ta zama gidan adana littattafan labarin zane a 2006, kuma an ware ɗaki a ciki don tarihin makarantar kanta.

Ranku ya daɗe, ba na raina fargabarku. Kuna tsoron a ba da gini, bango ya faɗa kan yaro, a dawo kanku. Kuna tsoron mutum uku su kira kansu al'umma, su karɓi wurin, bayan shekara biyu a tarar sun yanka shaguna suna karɓar haya. Kuna tsoron zafin nama na wata shida, daga nan kowa ya watse a bar muku kango da bashi. Duk ukun suna faruwa. Amma maganinsu a takardar yarjejeniya yake. Mallaka ta zauna a hannunku, ku ba da aro ko haya mai sauƙi na dogon lokaci. Tsawon lokacin yana da muhimmanci ƙwarai, domin ba mai ba da tallafin da zai zuba kuɗin sabon rufi a ginin da za a iya ƙwacewa baɗi. A rubuta a fili wa ke gyaran rufi da bango, wa ke biyan wuta da ruwa da shara. Kwamiti ya zama zaɓaɓɓe mai wa'adi, da mata da matasa a ciki tunda su za su fi shiga ginin, ma'aji ya karanta lissafi a bainar jama'a duk shekara. A sa sharaɗin cewa in aka bar wurin a kulle tsawon wani lokaci, ko aka ba wani haya ba da izini ba, ya dawo hannunku. Wannan ya fi muku tsaro a kan halin da ake ciki yanzu, inda ginin yake wuyanku kuma ba mai gadinsa.

Akwai aiki ɗaya da ba za ku ɗora wa 'yan sa-kai ba, wato binciken lafiyar ginin kafin a miƙa shi. Gine-gine da yawa na tsakiyar ƙarnin da ya wuce an rufe su ko an yi musu silin da asbestos, wani kayan gini mai zare-zare da ba ya cin wuta, wanda ba ya cutarwa sosai in yana zaune lafiya, amma in aka fasa ko aka yanka shi ƙurarsa na shiga huhu ta haifar da ciwon daji bayan shekaru. Tsohon fenti kuma sau da yawa akwai dalma a cikinsa, yara ƙanana su ta fi yi wa illa. Matasa masu niyyar alheri za su zo da guduma da takardar goge katako ranar aikin gayya, ba su san abin da suke shaƙa ba. Haka nan bangon da aka gina da ƙasa ko da farar ƙasa, in aka shafe shi da siminti don ya yi kyau, ruwa ne ake kullewa a ciki, bangon ya riƙa ruɓewa ta baya. Ku kuke da injiniyoyi, ku turo su tun farko.

Ko da kun ƙudura sayarwa, akwai hanyar da ta fi gwanjon ba-zata. A Ingila, dokar 2011 ta ba jama'a damar sa a yi rajistar gini a matsayin kadara mai amfani ga al'umma. Ta tanadi cewa in mai shi ya tashi sayarwa, ana iya dakatar da cinikin har wata shida don mutanen wurin su tara kuɗi su taya. Ba ta tilasta a sayar musu ba, kuma wannan ne rauninta. Sikotland ta ƙara gaba a dokarta ta 2015: ƙungiyar al'umma tana iya neman a miƙa mata ginin hukuma, kuma hukumar ba ta da ikon ƙi sai ta kawo dalili mai kama hankali. Wato nauyin bayani ya koma kan mai ƙi. Ba sai kun jira majalisa ta yi muku irin wannan doka ba, kuna iya ɗaukarta a matsayin ƙa'idar aikinku a zama ɗaya.

Na yarda ba kowane gini ne zai tsira ba. Akwai wanda tushensa ya tafi, akwai wanda garin da ke kewaye da shi ya tashi, ba wanda ya rage da zai share shi. Irin wannan a rushe, amma a sanar, a ɗauki hoto, a auna, a rubuta. Kuma ko ginin zai tsaya ko zai tafi, ku ceci takardunsa yau. Rajistar shiga makaranta tana ɗauke da sunan yaro da na uba ko mai riƙo, da shekarar shiga da ta fita, wani lokaci har da dalilin fita. Littafin da hedimasta ke rubuta abin da ya faru kullum yakan ambaci shekarar annoba, da makon da yara suka ƙi zuwa saboda girbi, da ranar da iska ta kwashe rufi. A ƙananan garuruwa da dama ba wani rubutaccen tarihi da ya wuce waɗannan littattafai biyu, kuma galibi suna cikin kabad a ofishin da silin ɗinsa ke ɗiga. A kwashe su, a ɗauke su a hoto shafi-shafi, a kai na asali ma'adanar takardu, a bar kwafi a garin.

Abin da nake roƙo ku fara da shi ba ya buƙatar wani babban kasafi. Ku fitar da jerin duk makarantun da kuka rufe, da shekarar rufewa da halin da kowace ke ciki, ku liƙa inda jama'a za su gani. Ku sa ranar zama da mutanen kowane wuri, a yi zaman a harabar makarantar, ku zo da fayil ɗin fili don a karanta sunan wanda ya bayar. Tattaunawar za ta ɗauki watanni, wataƙila ma ta wuce shekara, ruwa kuwa ba zai jira a gama ba. Don haka tun kafin zaman farko, ku tura kafinta ya hau kowane rufi, ya danne kwanon da ya ɗaga, ya yashe indararo, ya buɗe tagogi iska ta shiga.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta.